Darasi na 17: Sayen dikodar talabijin mai raba tashoshi ga wayoyin gida

Darasinmu na yau a kan ɗan akwatin nan ne da mutanen Yamai suke kira dikoda, wanda ake jonawa tsakanin eriya da talabijin domin ya kamo tashoshi, da kuma wani sabon irinsa da ke iya raba abin da ya kamo zuwa ga wayoyin hannu da kwamfutocin da ke cikin gida ɗaya. Dalilin da ya sa aka ware masa darasi sukutum, alhali kuwa ga mas'alolin noma da na lafiya da na lissafin kasuwa suna jiranmu, shi ne cewa akwatin nan, duk da ƙanƙantarsa, yana cikin kayan da magidanci kan miƙa kuɗin guminsa a kansu tun bai san haƙiƙanin abin da ya saya ba, sa'an nan idan ya isa gida aka jona, allo ya tsaya baƙi ƙirin, yara sun zuba ido, ya koma kasuwa ya tarar mai kaya yana ce masa ai ciniki ya riga ya faɗa. Galibin wannan asara kuwa, haruffa biyar ko shida da aka rubuta a jikin kwali sun isa su hana ta, kuma haruffan nan ba su fi ƙarfin wanda ya zauna a ajin nan ya koyi baƙi da wasali ba.

Yana da kyau mu fara tunawa da cewa talabijin ta ƙofar makaranta ya shigo ƙasar Nijar. A shekarar 1964, zamanin mulkin Shugaba Diori Hamani, aka soma gwajin koyar da yaran firamare ta hanyar talabijin a nan Yamai da kewayenta, da taimakon ƙasar Faransa, har ma tun a wancan zamani aka fara gwada kunna waɗansu akwatunan da hasken rana, a wuraren da wutar lantarki ba ta kai ba. Sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, aka mai da shi abin kallon jama'a duka da sunan Télé Sahel, a ƙarƙashin hukumar ORTN, yana ba da labaru da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Dattawan da ke cikinku ba su manta lokacin da unguwa guda takan taru a gaban akwati guda ba. Daga baya aka sami Tal TV ta gwamnati, aka kuma sami tashoshi masu zaman kansu, irin su Ténéré da Dounia da Canal 3 da Bonferey da Saraounia. A duk tsawon wannan zamani, abin da mutum ke bukata bai wuce talabijin da eriya a bisa sanda ba. Idan hoto ya yi yayyafi, a aiki yaro ya juya sandar har ya washe.

Abin da ya kawo dikoda shi ne canjin da aka yi wa yadda ake aiko hoton kansa. A tsohon tsari, kowace tasha takan mallake zango ɗaya na iska ita kaɗai, zangunan kuwa ƙididdigaggu ne, ba a ƙara su. A sabon tsari, wanda ake kira dijital, ana mai da hoto da murya su zama lambobi, a matse su ƙwarai, ta yadda zango ɗaya mai faɗin megahaz 8, wanda a da tasha guda ke cinye shi, zai ɗauki tashoshi fiye da goma, kuma hoton ya iso a tsabtace. Saboda wannan fa'ida ne ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka yi ittifaƙi a birnin Janiba a shekarar 2006, a ƙarƙashin ƙungiyar sadarwa ta duniya, cewa za a bar tsohon tsari, aka sa ranar 17 ga Yuni 2015 ta zama wa'adi, waɗansu ƙasashen Afirka kuma aka ƙara musu zuwa 2020 a kan wani sashe na zangunan. Sararin da aka rage kuwa aka ba kamfanonin waya, suna ɗora intanet a kai. Wannan sabon tsari shi ne kuke jin ana kira TNT, kuma a Nijar hukumar da ake kira AND ita ce aka ɗora wa amanar harba shi. Tsohon talabijin ba ya fahimtar lambobin nan. Aikin dikoda shi ne ta karɓe su, ta warware su, ta miƙa wa allo hoto da murya.

Hanyoyin da hoto ke bi ya iso gida

Kafin mutum ya taɓa aljihunsa, wajibi ne ya amsa wa kansa tambaya ɗaya: ta wace hanya nake son hoto ya shigo gidana? Domin kowace hanya da irin akwatinta, kuma akwatin wata ba ya aikin wata.

Hanya ta farko ita ce ta iska, wato daga dogon ƙarfen da ke harbawa a cikin gari zuwa eriyar da ke bisa rufinka. Wannan ita ce TNT, kuma tashoshin ƙasa da aka ɗora a kanta kyauta suke: ka sayi akwati sau ɗaya, ba wanda zai zo maka da takardar biya a ƙarshen wata. Ina jaddada wannan domin akwai masu zaton cewa duk dikoda sai da abonema, su haƙura da kallon labaran ƙasarsu da tafsirin watan Ramalana da kokowar takobin ƙasa, alhali kuwa abin yana wucewa ta bisa kansu dare da rana. Hanya ta biyu ita ce ta tauraron ɗan'adam, wanda ke can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita wajen 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganinsa kamar a tsaye wuri ɗaya; ana kamo shi da parabol, kuma tun da Yamai tana arewa da tsakiyar duniya, za ku lura cewa parabol ɗin garin nan duk ɓangaren kudu suka karkata, waɗansu kudu maso gabas, waɗansu kudu maso yamma. A kan taurarin nan akwai tashoshi na kyauta, kamar da yawa daga cikin na Larabawa da ke kan Nilesat da Arabsat, akwai kuma kullallu, waɗanda ba sa buɗuwa sai da dikodar kamfanin da ya mallake su da biyan wata, kamar na Canal+. Ta hanyar tauraro ne tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a shekarar 2014, ta shiga gidajen Hausawa a ƙasashe da dama. Hanya ta uku ita ce ta wayar da kamfani ke binnewa a ƙasa ya kai ta gida gida, kamar yadda ake kai famfo. Wannan ta yaɗu a Amurka da Turai, amma a wajenmu parabol ne ya tsaya a matsayinta.

Akwai kuma wani akwati da ya kamata a yi hattara da shi, wanda ya yi kama da dikoda a sura, ana sayar da shi da alkawarin tashoshi dubbai, amma ba shi da kafar eriya ko ta parabol sam. Wannan ba ya kama komai daga iska. Duk abin da ya nuna maka daga intanet ya jawo shi, kuma kai ne mai biya. Lissafin ba shi da wuya: hoto matsakaici yana cin kimanin megabit 2 a kowace daƙiƙa, wanda a sa'a ɗaya ya kusa giga ɗaya. Gidan da ke kallo sa'a uku kowane dare, sai ya auna abin da forfe na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom zai ci masa a wata. Saboda haka, duk akwatin da aka miƙo maka, fara juya shi ka dubi bayansa. Kafar eriya zagayayya ce, ana tura waya a cikinta, galibi an rubuta ANT IN ko RF IN a kusa; kafar parabol kuwa mai zare ce kamar ta kusar ɗauri, ana murɗa waya a kanta, an rubuta LNB IN. Akwatin da ke da su duka biyu shi ne ƴan kasuwa ke kira kombo.

Yanzu ga haruffan da na ambata. Ƙasashen duniya ba su haɗu a kan tsari ɗaya na dijital ba. Amurka tana da nata mai suna ATSC. Japan tana da ISDB-T, wanda ƙasashen Amurka ta Kudu da yawa suka bi. Sin tana da DTMB. Turai kuma ta fitar da DVB, wanda shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma suka ɗauka, a sabon zubinsa. Misalin akwatin da aka ƙera domin wani tsari aka kawo shi ƙasar da ke kan wani, kamar wasiƙa ce da aka rubuta da ajami aka miƙa wa wanda boko kaɗai ya karanta: wasiƙar lafiyarta lau, mai karatun ma idonsa lau, amma saƙo ba zai isa ba. Abin da za ku nema a jikin kwali domin tashoshin iska shi ne DVB-T2. Ku lura da lambar 2 ɗin nan ƙwarai, domin akwai DVB-T marar lamba, wanda shi ne na farko, kuma akwatin T2 yana karanta na farkon, amma na farkon ba ya karanta T2. Domin parabol, sai ku nemi DVB-S2. DVB-C kuwa na wayar nan ne da ake binnewa. Kasancewarsa a jikin akwati ba ya cutarwa, amma kada a ƙara maka kuɗi saboda shi. Bayan wannan akwai hanyar matse hoto: mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi shi ne MPEG-4, wanda kuma ake rubutawa H.264, wanda kuma ya sami mai H.265, ko HEVC, ya fi, domin shi ne sabo, kuma tashoshi suna ta komawa kansa sannu a hankali.

A nan ne kayan da ake kawowa daga Turai na hannu suke yaudarar mutane da yawa ba da nufin kowa ba. Faransa ta daɗe tana harba TNT ɗinta a kan DVB-T na farko, saboda haka talabijin da ya yi aiki shekaru a can, an kuma manna masa alamar TNT HD a goshi, yana iya zuwa nan ya kasa kama ko tasha ɗaya ta iska. Kalmar TNT ita kaɗai ba hujja ba ce. Hujja ita ce T2. Haka nan wanda ya sayi sabon talabijin marar ƙeya, ya duba takardarsa tukuna, domin da yawa daga cikinsu an gina musu dikodar T2 a ciki, eriya kawai suke jira, sayen wani akwati a kansu kuwa israfi ne.

Akwati mai raba tashoshi

To, mu zo ga sabon irin. Dikoda ta al'ada allo ɗaya take yi wa hidima. Amma gidan Bahaushe a Bukoki ko Talaje ko Harobanda ba safai yake zama na mutum ɗaya da ra'ayi ɗaya ba: maigida yana son labaru, samari suna son wasan ƙwallon Mena, uwargida tana son wa'azi ko wasan kwaikwayo, wani gidan kuma ɗakuna biyu ne ko uku, kowace mata da haƙƙinta na adalci a kan abin da aka shigo da shi. Saya wa kowane ɗaki talabijin da dikoda da eriya ba ƙaramin nauyi ba ne. Saboda irin wannan hali ne aka ƙera akwatin da ke kamo tashoshi daga eriya ɗaya, sa'an nan, maimakon ya miƙa su ga allo ɗaya, ya zuba su cikin akwatin wifi na gida, ta yadda duk wayar hannu ko kwamfuta ko talabijin na zamani da ke haɗe da wifi ɗin zai iya buɗe manhaja ya zaɓi tashar da yake so. Na asalin irin nan ba shi da ma kafar jona talabijin. Kafofinsa uku ne kawai, ta eriya, da ta wuta, da wata mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa LAN, wadda waya ke fita daga cikinta zuwa akwatin wifi. Sananne a cikinsu shi ne HDHomeRun, na wani kamfanin Amurka mai suna SiliconDust, kuma yana da zubi biyu: na Amurka mai ATSC, da na Turai mai DVB-T2. Wanda zai roƙi ɗan'uwansa da ke waje ya aiko masa, ya rubuta masa haruffan a takarda ko a saƙon waya, kada ya tsaya ga faɗar suna, domin suna ɗaya ne, kwali ma kusan ɗaya ne, amma na Amurka ba zai kama komai a Yamai ba har abada. Ta ɓangaren parabol ma akwai makamancinsa, wanda ake rubuta wa SAT>IP. Waɗansu dikodojin kombo na kasuwa kuma suna da ɗan rabo daga wannan hikima, suna iya tura tasha zuwa waya, sai dai galibinsu tasha ɗaya suke iyawa a lokaci ɗaya, ko waɗanda ke zango ɗaya da ita.

Mas'alar da ta fi rikita mutane a nan ita ce ta kuɗin intanet, kuma amsarta mai daɗi ce. Hoton da ya fito daga eriya ya bi ta akwatin wifi ya shiga wayarka bai fita daga gidanka ba, bai bi ta kamfanin waya ba, saboda haka ba ya cin forfe. Intanet ana bukatarsa ne wajen sauko da manhaja tun farko, da kuma, a waɗansu irin, wajen samo jadawalin shirye-shirye. Mai saye ya tambaya a fili ko manhajar akwatin tana buɗuwa idan babu intanet, domin sun bambanta a wannan.

Abu na biyu shi ne adadin kunnuwa. A cikin kowane akwati akwai ɗan sashen da ke kama zango, bari mu kira shi kunne, kuma kunne ɗaya zango ɗaya yake saurare a lokaci ɗaya. Akwai akwati mai kunne biyu, akwai mai huɗu. Ƙa'idar da ba ta ba da kunya ita ce a ƙidaya kunne ɗaya ga kowane mutum da zai kalli tasha dabam a lokaci guda, a kuma ƙidaya ɗaya idan ana son naɗar wani shiri a ajiye alhali ana kallon wani. Abu na uku, wanda ba na son kowa ya bar ajin nan bai riƙe shi ba, shi ne cewa akwatin nan ba ya buɗe kullallun tashoshi. Wanda ya saye shi da fatan ya raba wa ɗakuna wasannin ƙwallon Turai da kamfani ya kulle, ya yi asarar kuɗinsa; kamfanonin biya sun ɗaure tashoshinsu ga dikodarsu, kuma hanyar da suka halatta ta kallo a waya ita ce manhajarsu, wadda ita kuwa intanet take ci.

Ra'ayina a kan wannan akwati, bayan auna amfaninsa da nauyinsa, shi ne cewa bai dace da kowa ba. Gidan da ke da talabijin ɗaya, ba shi da akwatin wifi, mutanensa kuma sun saba zama tare a tsakar gida bayan sallar isha'i, dikodar T2 ko kombo ta wadatar da shi, kuma zaman nan tare alheri ne da bai kamata a wargaza shi da kuɗi ba. Amma babban gida mai sassa da yawa, ko makaranta, ko ɗakin kwanan ɗalibai, inda wifi ya riga ya kasance, a nan fa'idarsa take bayyana. Yana da kuma wata fa'ida ta wajen tarbiyya, domin yaron da ke kallo ta cikinsa iyakarsa tashoshin da eriya ta kamo, waɗanda uba ya san su, saɓanin yaron da aka sake shi cikin intanet da waya a hannu a bayan ƙofa. Sharaɗinsa dai shi ne a jona shi da akwatin wifi da waya, a kuma ajiye akwatin wifi a tsakiyar gida, domin kaurin bango, na ƙasa ne ko na siminti, da ƙofofin ƙarfe suna raunana shi, hoto kuwa idan bai sami hanya isasshiya ba sai ya riƙa tsayawa.

A kasuwa da a gida

Ko a Babbar Kasuwa mutum ya je, ko Katako, ko Wadata, ko wani kanti a bakin titi, kada ya biya sai an gwada a gabansa, kuma gwajin da ake nufi ba kunna fitilar akwati ba ne. A jona eriya, a sa akwatin ya nemi tashoshi da kansa tun daga farko, a ga Télé Sahel ta fito da hoto da murya, a canza zuwa waɗansu, a latsa maɓallan telekomand ɗaya ɗaya. Idan mai raba tashoshi ne, a buɗe shi a kan wayarka kai mai saye, a kashe intanet ɗin wayar, a ga ko hoto ya ci gaba. Mai tsohon talabijin ya tabbata akwatin yana da kafofin nan uku, rawaya da fara da ja, domin HDMI na sababbin allo ne. A duba jikin abin jona wuta: wutar NIGELEC bolt 220 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka a nemi wanda aka rubuta wa 100–240V. Kafar USB tana da amfani ga mai son naɗar shiri.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba, kuma wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ya halatta mai saye ya gindaya sharaɗin hiyari, wato ɗan lokaci sananne da zai jarraba kaya kafin ciniki ya tabbata, ya kuma san cewa wanda ya sami aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Sai dai a mazhabar Imamu Malik ciniki yana ƙulluwa da magana, ko da ba a rabu daga wurin ba. Saboda haka sharaɗin gwaji tun kafin a ce an sallama ake faɗarsa. Ka ce, cikin ladabi: Alhaji, na saya bisa sharaɗin zan gwada a gida kwana biyu, in bai kama ba in dawo maka da shi. Idan ya yarda, a rubuta a takardar shaidar biya, da kwanan wata, da sunan akwatin, da lambarsa da ke manne a ƙarƙashi. Ɗan kasuwa mai amana ba ya ƙin wannan, kuma rubutun kariya ne gare shi kamar yadda yake gare ka.

Akwai wani ciniki da nake yi muku nasiha ku nisance shi, wato na akwatin da ake cewa an sa masa lambar sirri mai buɗe tashoshin biya shekara guda ko biyu a kan kuɗi kaɗan. Ta fuskar shari'a, cin haƙƙin wani ne ba da izininsa ba, kuma akwai garari a cikinsa, domin mai sayarwa yana sayar da abin da bai mallaka ba, ba shi kuma da ikon tabbatar da shi ko na mako ɗaya. Ta fuskar aiki kuwa, yana rataye ne ga intanet da ga waɗansu mutane a wata ƙasa da ba ka san su ba, ranar da kamfani ya canza makulli kuma sai allo ya rufe, ba kuwa inda za ka kai ƙara.

Idan an iso gida, rabin aikin yana ga eriya. A ɗaga ta sama da rufi, a fuskantar da ita inda ake harbowa, kuma eriyar maƙwabtan da hotonsu ke fita da kyau ta isa jagora. A cikin jerin umarnin kowace dikoda akwai layi biyu masu nuna ƙarfin saƙo da ingancinsa. Inganci shi ne abin lura, domin saƙo yana iya yin ƙarfi alhali a gurɓace yake. Hoton dijital ba ya yin yayyafi irin na da. Ko dai ya fito sarai, ko ya farfashe murabba'i murabba'i ya daskare, saboda haka a juya eriya sannu sannu har layin inganci ya cika gwargwadon iko, kana a ɗaure. A sayi wayar eriya mai kauri, kada a yi mata gami da yawa, a kuma rufe bakin da ke waje, domin rana tana cin robarta, ruwa kuma idan ya shiga ya kashe saƙo. Mai parabol ya san cewa idan hadari ya yi nauyi hoto yakan ɗauke na ɗan lokaci. Wannan ɗabi'ar zangon ce, ba laifin akwati ba ne.

Abokan gabar akwatin nan a garinmu su ne zafi da ƙura da wuta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, kada a ɗora shi a kan talabijin ko a lulluɓe shi da ƙyalle yana kunne, domin ta ƴan hudojin jikinsa yake shan iska. Da hunturu kuwa a riƙa kaɗe masa ƙura, a rufe shi idan an kashe. Da damina, in an ga walƙiya ta matso, a zare wayar wuta da ta eriya duka biyu, domin tsawa ta kowacce tana iya shigowa. Wuta kuma, kowa ya san halinta, musamman tun da aka ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wadda ke zuwa daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi, gari ya koma dogaro da injunan gida irin na Goru Banda. Dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa ita ce ta fi ƙona kaya, saboda haka na'urar daidaita wuta tana cikin kuɗin saye, ba ƙari ba ce. Mai faifan hasken rana da batir kuwa ya nemi akwatin da ke aiki da bolt 12. Dikoda da akwatin wifi a haɗe ba su cin abin da babban talabijin ke ci, saboda haka ƙaramin batir yana iya riƙe su sa'o'i, mutanen gida su ji labaran dare a wayoyinsu ko da unguwa tana cikin duhu.

Aikin da za a kawo mako mai zuwa

Kowane ɗalibi ya juya talabijin ko dikodar gidansa, ko ta maƙwabcinsa da izininsa, ya kwafo a littafinsa duk abin da aka rubuta kusa da kafofin baya da kuma a jikin takardar da ke manne, harafi da harafi, ko da bai gane ma'anarsu ba, sa'an nan ya ja layi a ƙarƙashin wanda ya nuna masa ko na'urar tana kama TNT. Bayan wannan ya warware wannan lissafi: a ƙaddara Malam ya sayi dikoda da eriya a kan jikka 15, ba ya biyan komai bayan haka, maƙwabcinsa kuma yana biyan abonema jikka 5 kowane wata, nawa maƙwabcin zai biya a shekara 2, kuma a wata na nawa ne biyansa zai kai kuɗin da Malam ya kashe? Daga ƙarshe, kowa ya rubuta da hannunsa takardar sharaɗin gwaji ta layi uku, irin wadda zai so ɗan kasuwa ya sa wa hannu, za mu karanta su a aji mu gyara tare.